Ƙyauren Baba a Ƙarƙashin Mota

Ɗan'uwanku Nasiru ne ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan magana. Wata Laraba da hantsi na fito zaure na tarar ya jawo faifan ƙarfen nan da ke jingine bayan ƙofa, ya kai shi bakin titi, mai sayen tsofaffin ƙarafa yana ɗaga shi yana jin nauyinsa. Na ce a mayar. Ya mayar, don bai taɓa musu da ni ba, amma da yake jingine shi sai na ji ya ce ƙasa-ƙasa:

"Ni ban ga abin ajiya ga ƙarhen da anka wulaƙanta mutum saboda shi ba."

Ashe haka kuke riƙe da labarin, ku duka. Wai Bappanku Labbo, yayana, ya zaunar da ni a ƙasa kwana uku ina yi masa zuga a gaban mutanen unguwa, ni da furfurata da hajjina, don ya nuna mini ban isa ba. Ashe shi ya sa kuke gaida ɗansa Attahiru daga nesa, shi ma yake amsawa daga nesa. Laifina ne, domin ban taɓa zaunar da ku na faɗa muku yadda aka yi ba. Labbo ya riga mu gidan gaskiya, ba zai iya kare kansa ba. To ga yadda aka yi.

Mahaifinmu maƙeri ne, kakanmu ma haka. Maƙerarsa ita ce ɗakin ƙasar nan da ke gefen gidan Attahiru a Wurno, wanda kuka taso kuka ga asabari a ƙofarsa. A da ba asabari ba ne. Ƙyaure ne na ƙarfe da Baba ya yanko daga jikin wani tsohon tankin ruwa tun kafin a haife ni, mai kaurin bayan wuƙa, ya buge shi da masaba har ya miƙe. Yana da wani kuka idan an buɗe shi, mai farawa da kauri ya ƙare da siriri. Da wannan kukan muke sanin Baba ya dawo daga masallaci da safe, da shi Inna take sanin lokacin ɗora koko. Na ji ƙararrawar coci a Lome, na ji jiniyar jirgin ruwa a Tema, na ji kiran salla a Makka daga lasifika fiye da yadda zan iya ƙirgawa, amma har yau idan na rufe ido aka ce in tuna safiya, kukan ƙyauren nan nake ji.

Ni ne mai zuga tun ina ƙarami, Labbo kuma mai riƙe awartaki, daga baya mai masaba. Ya girme ni da shekara bakwai, hannunsa ya karɓi ƙira, nawa bai karɓa ba. Abin da Allah ya ba ni kunne ne. Idan Bazabarme ya zo gyaran lauje, kafin ya tafi na kwashe rabin gaisuwarsa. Wata shekara na bi motar albasa zuwa Kumasi da niyyar wata biyu, sai ga shi na yi kusan shekara talatin ina kai da komo, ina yi wa fataken albasa tafinta. Na iya Zabarmanci da Faransanci da Turanci da yaren Asante, na tsinci Larabcin kasuwa a Jidda. Baba ya rasu ina Abijan, sai bayan kwana arba'in na iso. Labbo ne ya riƙe maƙera, ya riƙe Inna, ya riƙe mahaifiyarku Ige da ku kuna ƙanana duk lokacin da na yi nisa. Bai taɓa yi mini gori ba ko sau ɗaya.

Tafiya tana da wata cuta da ba a faɗa wa mutum. Idonsa yana cika da kwatance. Idan na ga kasuwar Goronyo sai in tuna ta Kumasi, idan na ga kwalekwale a gulbi sai in tuna na Kwatano. Komai na gida sai ya zama ƙanen wani abu da na gani a wani wuri. Da wannan idon na dawo a shekarar da nake ba ku labari, cikin mota 'yar Kwatano mai ruwan toka, motata ta farko, wadda na tuƙo da kaina tun daga bakin teku.

A lokacin gidanmu ɗaya ne, ba a ja katangar tsakiya ba. Inna tana ɗakinta na gabas, idonta ya fara rauni amma kunnenta yana jin faɗuwar allura. Kowace rana bayan azahar ana kawo akushi ɗaya zaure, na Baba, baƙi mai tsaguwa a baki wadda aka ɗinke da waya, ni da Labbo mu ci tare. Haka Baba ya bar mu, haka kuma muke yi duk sanda ina gari. Sau da yawa Agali yana sa hannu, wani dattijon Buzu mai shayi a bakin titinmu, abokin wasanmu, don kun san tsakanin Buzaye da maƙera ba a raba su da tsiya. Inna ba ta kiran sunan Labbo, ɗan fari ne, sai dai ta ce "wancan" ko "yayanka". Ni kuwa Hali take kirana kai tsaye, da muryar da take kiran awaki.

Motocin nan na Turai suna da wata baƙar roba mai faɗi a ƙarƙashinsu, wadda take rufe cikin injin daga ƙasa, ta tsare kaskon baƙin mai da wayoyi daga dutse da ruwa. An ɗaure ta da wasu 'yan maɓallai, su ma na roba. Wanda ya yi ta bai taɓa ganin hanyar fadama ba. Ƙarshen damina na tafi Kagara duba manoman da ke renon irin albasa, hanyar kuwa amalanke da tarakta sun haƙe ta gefe biyu sun bar tudu a tsakiya. Na ji ƙarar farko na yi kamar ban ji ba. Ta biyu sai na ji abu yana jan ƙasa. Na iso Wurno da la'asar, robar nan tana reto da maɓalli ɗaya kamar fatar da aka fara feɗewa.

Labbo yana zaune a ƙofar zaure da Agali da wasu mutum biyu. Ya tashi, ya tattare riga, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar. Ya daɗe yana kallo, ya sa hannu ya shafa kaskon man, sannan ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

"Kawo ta maƙera gobe da sahe," ya ce. "In yi mata na ƙarhe."

Na yi dariya. Wannan dariyar ita ce abin da nake so ku riƙe, don daga gare ta komai ya taso.

"Haba Yaya," na ce, "wagga ba galma ta ba. Mota ta. Aikin injiniyoyi na. Ka bari in kai ta inda anka san ta."

Agali da ba ya rasa abin faɗa ya duƙar da kai yana juya butar shayinsa. Labbo ya dube ni kaɗan, ya ce, "To," ya shiga gida.

Washegari na kai ta Goronyo wurin wani mai walda. Ba zan ɗora masa laifi ba, mutumin kirki ne kuma ya san aikinsa. Ya yanko ƙarfen duro, ya ce bari ya huda shi ya ɗaure da noti, ya bar 'yar tazara. Ni na hana. Na ce masa na ga yadda direbobin Agadas ke yi wa motocin sahara, suna rufe cikin ruf don kada yashi ya shiga, saboda haka ya like shi da walda ko'ina, kada ya bar ko kafar da tururuwa za ta bi sai ta gaba inda iska ke shiga. Ya ce, "Alhaji, ranar juyen mai hwa?" Na ce idan ranar ta zo a yanke. Ya ɗaga kafaɗa ya yi yadda na ce. Abin da ban tsaya na tuna ba, a sahara babu kara, babu harawa.

Ku da kuka taso a makaranta ba lalle ku gane nauyin abin da na yi ba. A gidan maƙera, ɗan gida ba ya kai ƙarfe wata wuta. Ko allurar ɗinkin buhu ce ta karye, gida ake kawo ta. Idan aikin ya fi ƙarfin na gida, shi babban ne zai ce a kai wa wane, ya haɗa ka da saƙon gaisuwa. Wanda ya tsallake wutar gidansu ya tafi ta wani, ya shaida wa gari cewa ba maƙeri a gidan ubansa. Na san wannan sarai, da shi aka rene ni. Kawai na ɗauka mota ba ta cikin lissafin, ko kuma na ɗauka ni ne ba na ciki. Kafin in dawo daga Goronyo labari ya riga ni, don ranar kasuwa ce.

Rannan aka kawo akushi zaure, na zauna ina jira. Tuwon shinkafa ne da miyar sure. Labbo bai fito ba. Na aika ciki, aka ce ya ce a kai masa nasa maƙera, aiki ya yi masa yawa. Gobe haka, jibi haka. Ba mu yi faɗa ba. Idan mun haɗu a masallaci ina gaishe shi yana amsawa, har ya tambayi gajiya. Amma akushin Baba ni kaɗai nake buɗe shi, in ci gefe ɗaya in bar gefe ɗaya, a mayar. Mahaifiyarku ta gaji da ganin rabin tuwo yana dawowa.

"Alhaji," ta ce, "ko dai in riƙa zuba maka a kwano? Akushin ga ya yi ma mutum guda yawa."

Na ce ta bar shi yadda yake. Girman kai ya hana ni zuwa maƙera, wani abu kuma ya hana ni yarda a canza akushin. Haka muka yi wajen wata biyu. Inna kuwa kullum idan aka wuce da akushin ta ƙofarta takan ce a tsaya, ta ɗaga shi da hannu biyu ta ji nauyinsa, ta mayar.

Da kaka ta yi, jikar ƙanwar Inna ta haihu a Rabah, Inna ta ce sai ta je suna. Na ce ga mota. Na shimfiɗa mata bargo a baya, Ige ta zauna kusa da ita da ƙullin kayan barka. Lokacin ana ta roron wake, manoma kuma suna da dabarar da kuka sani, su baje waken da kowarsa da harawarsa a kan hanya don motoci su bi ta kai su sussuka musu. Na bi ta kan shimfiɗa ta farko, ta biyu, ta uku, ina ɗaga wa masu ita hannu suna yi mini godiya. Duk wadda na taka, bakin ƙarfen nan na gaba yana kwasar harawa kamar cokali yana turawa ciki, ba ta da ta inda za ta fita, tana taruwa a jikin salansa mai zafi. Ba mu yi nisa da gari sosai ba Inna ta ɗaga hanci.

"Hali, wa ka gashin wake?"

"Manoma na, Inna."

"Manoman ga cikin motag ga suke?"

Kafin in ba ta amsa hayaƙi ya taso ta ƙarƙashin ƙafata. Na taka birki, na fito na zagaya na ciccibi Inna kamar jaririya na ajiye ta a gindin wata bedi, Ige tana salati tana jan bargo. Manoma suka sheƙo da gudu. Ga wuta muna jin ta tana ci, muna ganin harshenta ta 'yar kafar gaba, amma ba ta inda za a kai mata, don na sa an like ko'ina. Wani ya kwanta yana zaƙulo harawa da lauje, wani yana watsa ruwan jarka ta saman injin, wasu suna cusa ƙasa da hannu. Allah ya taƙaita. Wayoyi suka ƙone, motar ta ƙi tashi, amma ba wanda ya ƙone.

Wani mai shanun huɗa ya ɗaura wa motar igiya. Inna ta ce ita ba za ta hau amalanken kowa ba, a motar ɗanta ta fito, a cikinta za ta koma. Haka muka shigo Wurno da la'asar sakaliya, bijimai biyu a gaba, ni a sitiyari fuska duk baƙin hayaƙi, Inna a baya tana amsa gaisuwar mutane ta taga.

"Wagga tahiya ta hi mani ta ɗazu daɗi," ta ce. "Ko banza ina ganin mutane."

Agali yana bakin titi. Da ya hango mu ya ajiye buta ya miƙe tsaye, ya dafe rawani da hannu biyu.

"Jama'a ku zo ku gani! Wuta ta ci ɗan maƙera! Ku da kuka ce wuta baiwarku ta, kuna wasa da ita ranar salla, yau ga ta ta kori ubangijinta! Hali, da wane yare ka roƙe ta? Halan ba ta jin Faransanci?"

Mutane suka yi ta dariya, ni ma na yi yaƙe. Amma na hango Labbo a ƙofar maƙera, awartaki a hannu. Shi bai yi dariya ba. Idonsa yana kan Inna, sai da ya ga ta sauko da ƙafarta sannan ya juya ya koma ciki.

Bayan sallar magariba Inna ta sa aka kira ni. Tana zaune a kan buzunta tana jan carbi.

"Ka ga wutag ga ta yau?" ta ce. "Ba ta ba ni tsoro ba. Abin da ka ba ni tsoro, akushin da kullum nika ɗagawa in ji rabi. Ubanku ya bar muku akushi guda. In na tahi na ishe shi, mi za ni ce mai?"

"Inna, shi ad daina hitowa."

"Shi ad daina hitowa. Kai kuma mi ka yi? Yare nawa ka iya, Hali?"

"Biyar, Inna."

"Duk cikinsu babu wanda aka ba da haƙuri da shi?"

Da safe na sa aka tura motar zuwa ƙofar maƙera. Na yi sallama, na durƙusa, na ce, "Yaya, na yi kuskure. Ga ta." Yana kan gyaran wani lauje, bai ɗago ba sai da ya gama. Sannan ya tashi ya shiga lungun ɗakin. A shekarun nan ya daina amfani da zugazugin fata, ya haɗa wani na kacar keke wanda yake juyawa da hannun hagu shi kaɗai. Sai ga shi ya fito da tsohon na Baba, na fatar akuya, wanda na yi ƙuruciyata a kansa. Ya shafe shi da mai, ya kafa shi a bakin wuta. Ya jawo bencin da masu kawo aiki suke zama ya ajiye a waje cikin inuwa. Ya tsaya tsakaninsu.

"Baƙo bisa benci shika zama, a yi mai aiki shi tahi," ya ce. "Ɗan gida zuga shikai. Ban san wane ag gabana ba. Kai ka sani."

Wannan ita ce maganar da ba ta iso kunnenku ba. Ba wanda ya zaunar da ni a ƙasa. Benci yana nan, har ya share mini shi da hannun rigarsa. Da na zauna a kai, da ya yi mini aikin tsaf, ya sallame ni da fara'a, kuma da har ya mutu ba mu sake haɗa hannu a akushi ba. Na cire babbar riga na rataye a ƙusa, na naɗe hannun 'yar ciki, na zauna a inda nake zama ina ɗan shekara tara. Hannuna ya manta komai na ƙira, amma bai manta zuga ba. Dama, hagu, dama, hagu. Wuta ta amsa.

Aikin ya ci kwana uku. Ranar farko ta tafi a yanke abin da na sa aka like, Labbo yana kwance a kan buzu a ƙarƙashin mota yana sara a hankali don kada ya taɓa jikinta. Da ƙarfen ya faɗo, toka da ƙonanniyar harawa suka biyo shi har suka rufe masa gemu. Ya ɗebo tokar a tafin hannu ya nuna mini. Sannan ya sa aka kawo tsohuwar tabarma, ya manna ta a cikin motar, yana bi da gawayi yana zana inda kasko yake, inda salansa ta bi, inda ramukan noti na asali suke. Ya yanke tabarmar da wuƙa, ta fito da siffar cikin motar kamar an auna mata riga. Na ga masu gyara a Kumasi, unguwa guda ta makanikai wadda ta fi Wurno yawan mutane, suna da ma'auni iri-iri. Ban ga wanda ya auna da tabarma ba, kuma ban ga awon da ya fi wannan zama daidai ba. Na buɗe baki zan faɗa masa haka, sai na tuna kwatance ne ya kawo ni nan, na fasa na ci gaba da zuga.

Rana ta biyu ya duba duk ƙarafan da ke maƙera, yana ɗaga kowanne yana lanƙwasa shi da gwiwa yana yarwa. Duron yanzu ba shi da kauri, dutse ɗaya zai lotsa shi. Ya tsaya yana kallon ƙofa. Sai na ga ya ɗauki masaba ya nufi ƙyauren.

"Yaya, mi za ka yi?"

"Zuga taka."

"Ƙyauren Baba na!"

"Na san ko na wa na. Ina nan anka kahwa shi, kai ba a haihe ka ba." Ya buge ƙusar sama ta fita. "Tun da kai ba ka zama gida, gida shi bi ka. In dutse ya taso maka ga hanya, shi ishe Baba tukuna."

Da ya sauke shi ƙyauren ya yi kukansa na ƙarshe. Na sunkuyar da kai, na ce hayaƙi ne ya shiga mini ido. Ya shimfiɗa tabarmar a kansa ya zana, muka yi ta sa gefunan a wuta yana yanka yana lanƙwasawa. Ya ɗaga bakin gaba sama kamar goshin kwalekwale don ya riƙa hawa kan ciyawa maimakon ya kwashe ta. Ya bar bayan a buɗe, ya karkata shi kaɗan yadda duk abin da ya shiga zai zube. Ya huda ramuka bakwai don iska da ruwa, ya yanke babba ɗaya daidai wurin juyen mai, ya kauce wa salansa da faɗin tafin hannu. Marufin gefen tayoyi kuma ya ce ƙarfe ba zai yi ba, zai dame ni da ƙara, ya aika wa maƙwabcinmu mai yin guga ya yanko masa daga tsohuwar tayar babbar mota. Duk abin da mai waldan Goronyo ya so ya gaya mini na hana shi, ga shi yayana yana yi ba tare da kowa ya koya masa ba.

Mutane kam sun taru, wannan gaskiya ne. Agali ya kwaso kayan shayinsa gaba ɗaya ya dawo ƙofar maƙera, yana ce wa duk mai wucewa ya zo ya ga Alhajin Abijan yana yi wa akuya numfashi. Wannan kuka ji, kuka ɗauka wulaƙanci ne. Ni kuwa ban taɓa jin daɗin tsiyar Buzu kamar ta kwanakin nan ba, don maƙeri yake yi wa ita.

A rana ta biyun nan da yamma saƙo ya zo daga fataken da nake yi wa tafinta. Motoci sun yi lodi, gobe da sassafe za su kama hanyar Kumasi, in same su a Sakkwato. Shekara da shekaru ni ne bakinsu a kan iyaka da kasuwa. Na san idan ban je ba za su ɗauki wani, kuma wanda aka ɗauka ba a sauke shi. Labbo ya ji saƙon. Ya ce in tafi, zai ƙarasa da na kacar keke, ba komai. Na dubi ƙyauren Baba a kwance rabi a yanke, na dubi ƙofar maƙera a buɗe ba abin rufewa. Na ce wa ɗan saƙon ya gaishe su, ya ce ina da aiki a gida. Sun ɗauki wani mutumin Gwadabawa, shi ya ci gaba da bin su har ya tsufa. Ban sake ganin teku ba. Na koma noman albasa da jigilar manoma tsakanin Dinawa da Goronyo da Rabah, abin da kuka taso kuka same ni ina yi ke nan. Ba zan ce muku bai yi mini ciwo ba. Shekaru da yawa idan na ji motar albasa tana tashi sai in ji ƙafata tana ƙaiƙayi, kuma harsunan nan da na tara sun yi ta zubewa ɗaya bayan ɗaya don ba wanda zan yi da shi. Amma ba wanda ya hana ni tafiya. Ni na zauna.

Rana ta uku da azahar muka ɗaura shi, ni ina riƙe da shi da ƙirji da gwiwa, shi yana ɗaure noti. Ya shiga daidai, ko rami ɗaya bai kauce ba. Muka fito daga ƙarƙashin motar duk mun yi baƙi. Ya buga ƙarfen da bayan sifana, ya saurari ƙararsa, ya gyaɗa kai. Sai ya leƙa ta kan katanga ya ɗaga murya:

"A kawo muna akushi nan!"

Aka kawo. Ige ta gaya mini daga baya cewa da aka dawo da shi za a wanke, Inna ta tsayar da shi yadda ta saba, ta ɗaga, ta ji ba nauyi, ta sa hannu ta shafa cikinsa har gefe biyu. Sai ta ce a dama mata fura, ita da ta kwana biyu ba ta sha ba. Damina ta gaba ta rasu.

Bayan an gyara wayoyinta, motar ta yi shekara goma sha ɗaya a hannuna. Ta hau tudun Kagara, ta bi ta kan waken mutane, ta ratsa ruwa har gwiwa, kaskon manta bai taɓa fashewa ba. Duk lotsawar da kuke gani a jikin ƙarfen nan dutse ne da ya nufo ni. Maƙera kuwa ta zauna da asabari. Awaki suna shiga su ci gawayi, ruwa yana feso wa Labbo, na yi na yi in sa a yi masa sabon ƙyaure ya ƙi, wai yana jiran nasa ya dawo daga tafiya. Da na sayar da motar na kwance shi da hannuna na kawo gida, da niyyar in mayar. A makon nan Labbo ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Na jingine shi a zaure na ce sai an kwana biyu, kwana biyun nan ne har yau, don duk sanda na ɗaga shi sai in kasa.

Yanzu ƙarfina bai kai ba. Nasiru, kai da ka riga ka san nauyinsa, ka ɗauke shi ranar Juma'a bayan an sauko, ka kai gidan Attahiru. Ya rage tsawo, yana da ramuka takwas, ba zai rufe ƙofar duka ba. Attahiru zai san yadda zai ƙara masa. Idan ya jawo maka benci, kada ka zauna.